Ranar da Injin Wanki Ya Ƙi Tashi

Inna mai shara ba ta taɓa makara ba. Tun gari bai gama wayewa ba ake jin tsintsiyarta a gangaren bayan tasha, har wasu matan layin da ita suke sanin lokacin tashin yara ya yi. Ranar nan tsintsiyar ta fara, sai ta yi shiru. Mai kai burodi shaguna ne ya tsinci tsohuwar a bakin kwata, kanta na zubar da jini, takalminta ɗaya a tsakiyar titi. Mota ce ta buge ta ta gudu. Aka kwashe ta sai asibiti, tana numfashi da ƙyar, ba ta san wanda ke kanta ba.

Kafin rana ta ɗaga an aika wa Mai-Sawu. Dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bin sawun dabbobin sata, da gari ya cinye dajin kuma ya koma bin sawun babura da buhunan da ke yin ƙafa daga shaguna. Ba shi da sauri, ba shi da fara'a, kuma abin da ya fi ba mutane haushi, kana yi masa magana yana kallon takalminka. Amma in abu ya ɓace shi ake nema.

Ya tsuguna a gangaren ya daɗe. Abin da ya dame shi ba abin da ya gani ba ne, abin da bai gani ba ne. Ko ɗan koyo ne ya ga mutum a gabansa, ƙafarsa za ta nemi birki da kanta, taya ta bar baƙin zane a kwalta. Nan babu zane ko kaɗan. Sai can ƙasa ya ga inda aka manna taya da bakin titi aka yi ta gurzawa har motar ta tsaya. Daga nan aka juya da ita, aka hau gangaren a hankali, tana ɗigar da wani mai mai santsi, ɗigo nan, ɗigo can. Ya bi ɗigon, jama'a na bin sa, har ya kai shi ƙofar wurin wankin mota.

*

A bakin ƙofar sawun ya ƙare, domin an wanke ƙasa tas. Daga ƙofa har kan simintin da ake ɗora motoci babu ƙura, babu taka, sai ruwa da bai gama bushewa ba. A kan simintin motar makaranta ce tsaye, wadda ke kwasar yaran unguwa, tana ƙyalli kamar yau aka sayo ta. Fitilarta ta hagu a fashe.

Wasu sun riga shi isowa, ba su kuma tsaya jiran bincike ba. Baƙo, mai wankin wurin, yana zaune a ƙasa leɓensa a fashe. Ba ɗan unguwar ba ne, bai daɗe da zuwa neman aiki ba, kuma ba wanda ya damu ya riƙe sunansa. A kansa ɗan Inna ne tsaye, mai walda, riƙe da guntun rodi, idonsa jawur.

"Da igiyar injin wanki a hannunsa muka same shi, Baba," in ji mai walda. "Ya gama wanke jinin uwata zai kashe shaida."

"Tayarwa nake yi!" Baƙo ya ce. "Na zo na tarar da ƙasa a jiƙe, mota a wanke. Na ja injin ya ƙi tashi. Ta yaya zan yi wanki da injin da bai tashi ba?"

Wani ya kai masa naushi daga baya. Uwarɗaki, matar da ke da wurin, ta kutso tsakiya da jikinta duka, ta ja Baƙo ta jefa shi ɗakin ajiyar kaya ta datse da kwado, ta zura makullin a zaninta.

"An kira 'yan sanda," ta ce. "Sun ce motarsu ta fita, za su zo. Wanda zai kashe mini ma'aikaci ya fara da ni."

Mai walda ya nuna ƙofar da rodinsa. "In rana ta take ba su zo ba, ƙarfe ne sana'ata. Wannan kwadon ba zai tsayar da ni ba."

Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Mai-Sawu ya dubi fuskokin da ke wurin, ya ga sun riga sun yanke hukunci, jiran lokaci kawai suke yi. Ya taɓa ganin irin wannan taron, ya kuma san yadda yake ƙarewa.

*

Bai taɓa jin kansa makaho irin na ranar ba. Mutumin da ƙasa ce littafinsa, an wanke masa shafin. Ya zagaya ya sake zagayawa, a ƙarshe ya tsaya a kan abu ɗaya da ruwan bai taɓa ba: injin wankin da kansa, don ba a wanke inji da bindigarsa.

Ɗan ja ne mai taya biyu, da tankin fetur a sama, da doguwar tiyo da bindigar feshi a ƙarshenta. Mai-Sawu bai san kan inji ba, ko janareton gidansa ƙanensa ke tayar masa. Amma ya san datti. Ya ɗora bayan hannu a kan salansar injin, inda hayaƙi ke fita, ya ji da sauran ɗumi. Ke nan injin ya yi aiki da safen nan, ya mutu da lafiyarsa, sannan ya ƙi tashi. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin tanki. Ko'ina busasshen kumfa ne da baƙin mai sun daskare, sai wuri ɗaya: wani ɗan ƙaramin maɗauki baƙi, da aka juya kwanan nan. Inda ya bi ya share datti ya bar zane mai haske kamar jinjirin wata. Maɗaukin yana kallon gefe. Bai san aikinsa ba, ya dai ajiye abin a ransa ya miƙe.

Ta tagar ɗakin ajiya ya yi magana da Baƙo.

"Ka iya tuƙi?"

Baƙo ya ce, "Ina matsar da motoci a cikin fili. Wani lokaci in ba kowa nakan kai bakin ƙofa in dawo. Titi kam ban taɓa fita ba, wallahi."

"Makullin motar makaranta fa?"

"A ƙusa yake kwana, jikin rumfa. Direba ke rataye shi don in wanke ta da safe."

"Jiya da ka tashi aiki yaya ka kashe injin?"

"Yadda na saba. Na murɗa makunni ya mutu." Ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu. "Baba, ba ni da kowa a garin nan. In suka fasa ƙofar nan ko gawata ba mai nema."

Mai-Sawu bai yi masa alkawari ba, don ba ya alkawarin abin da bai gani ba.

*

Direban ya iso a makare, yana haki, dogo kamar falwaya. Da aka tambaye shi inda yake tun asuba sai ya fara kame-kame: ya je wajen ɗan'uwa, a'a, ya tsaya sayen magani. Jama'a suka fara juyowa kansa, mai walda ya matso. Mai-Sawu kuwa takalmin yake kallo.

"Ɗan'uwan naka katako yake yankawa?"

Direban ya sunkuyar da kai. Garin katako ne cike da bakin wandonsa da tsakanin yatsun ƙafarsa. Da sassafe yakan je lodi a wurin yankan katako kafin ya zo ya ɗauki yara, makaranta kuma ta hana shi haɗa aiki biyu. Aka tura mutum a babur, ya dawo ya ce haka ne, tun duhu-duhu yana can, mutane da yawa sun gan shi.

"Motar lafiyarta ƙalau?" Mai-Sawu ya tambaya.

"Garau. Birki ne kawai ya ɗan yi laushi, jiya da yamma Bakanike ya gyara. Ya ce ya sa sabon bututun man birki."

Direban ya buɗe ƙofa zai hau, gwiwarsa ta bugi sitiyari. Ya tsaya, ya waiwayo.

"An matsar mini da kujera gaba. Gajere ne ya tuƙa ta."

Wurin ya ɗauki ihu. Baƙo gajere ne, kowa ya sani. Wani ya jefi ƙofar ɗakin ajiya da dutse, Uwarɗaki ta jingina bayanta da ƙofar tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya har da iyayensu. Mai-Sawu ya ɗaga sandarsa.

"Ku saurara! Yaron nan ya ce injin ya ƙi tashi. Injin ya yi aiki da safe, yanzu ya ƙi. Wanda ya taɓa shi a ƙarshe ya bar wani abu a jikinsa. Bari a kira wanda ya san harshensa. Ku kira mini Auta."

*

Auta ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne Bakaniken da direba ya ambata. Furfura ta fara masa, yana da jikoki, amma a bakin yayansa har yau Auta ne. Mai-Sawu ne ya goye shi, shi ya kai shi koyon aiki, kuma in ana hirar masu hannu a garin ba ya iya ɓoye alfaharinsa. Rumfar gyaransa tana manne da bayan wurin wankin, akwai 'yar ƙofar langalanga a tsakani da yake bi ya ɗebi ruwa. Ta nan ya shigo, da akwatin kayan aiki a hannu.

"Yaya, ka kira ni."

"Injin nan nake so ka tambayar mini me ya hana shi tashi."

Auta ya durƙusa. Jama'a suka yi zobe. Ko a cikin tashin hankali, aikinsa abin kallo ne, yana yi yana faɗi kamar mai karantar da ɗalibai.

"Inji abu uku yake nema: mai, iska, wuta. Amma na wanki yana da na huɗu." Ya ɗauki bindigar ya matsa kunamarta, ruwa ya yi tsartuwa ya tsaya. "In an bar ƙarfin ruwa a cikin tiyo, igiya takan yi tauri ta ƙi jawuwa. Ba shi ba ne." Ya buɗe tanki ya leƙa, ya sansana. "Akwai fetur, ba ruwa a ciki." Ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa. "In baƙin mai ya yi ƙasa, irin wannan injin kashe kansa yake yi. Wannan a cike yake." Ya cire murfin matatar iska, ya kaɗe soson, ya mayar. Ya ja cok, abin da ke rage wa inji iska, ya ja igiya. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. Ya sake ja. Shiru.

Gumi ya jiƙa masa wuya, alhali rana ba ta yi zafin haka ba. Ya zagaya ɗaya gefen, ya ba jama'a baya, ya rungumi injin kamar zai ɗaga shi, sannan ya sa sifana ya kwance fulogi. Ya ɗaga shi sama.

"Ga ɓarawon. Ya ƙone, ba ya ba da wuta."

Ya jefar da shi gefen kwata, ya ɗauko sabo a akwatinsa ya ɗaura. Ya ɗan dakata, ya ja igiya sau biyu, injin ya ɗauka da ƙara har tiyo ta miƙe.

"Fulogi yakan mutu haka kawai?" in ji mai walda, yana ɗaga murya saboda ƙarar.

"Yakan mutu in an wahalar da inji," Auta ya amsa, bai dubi kowa ba. "Kamar in wanda bai ƙware ba ya yi aiki da shi cikin gaggawa."

Bai ambaci suna ba, amma duk wurin an ji sunan. Sannan ya kai hannu zai kashe injin. Hannun ya nufi ƙarƙashin tanki, ya tsaya a iska, ya dawo ya murɗa makunni. Injin ya mutu tak.

Ba wanda ya lura sai mutum ɗaya. Mai-Sawu ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya leƙa. Ɗan maɗaukin nan da ke kallon gefe yanzu ƙasa yake kallo. Ya lallaɓa gefen kwata ya tsinci tsohon fulogin ya sa a aljihu.

*

Katangar wurin ɗaya ce da gidan wata mai ɗinki, wadda tagarta ke kallon filin. Ya same ta a kan keke, ta ce ita ba ta ga komai ba, labule a sake yake, kuma ba ta son shiga maganar 'yan sanda.

"Ban tambaye ki abin da kika gani ba, 'yata. Me kika ji?"

"Injin nan dai da ke hana ni jin rediyo. Yau ya yi sammako fiye da kullum, har na ce wannan Baƙon ba ya barci ne?"

"Da ya mutu fa?"

Ta ɗaga ƙafa daga keken. "Ka ga kuwa, wannan na lura. Kullum ɗif yake mutuwa, lokaci ɗaya. Yau kuwa sai ya riƙa tari, ya ja ya saki, ya ja ya saki, kamar tsoho mai asma, sannan ya cika."

Mai-Sawu ya yi mata godiya ya fito. A bakin ƙofarta ya jingina da bango. Ya san wannan tarin. Duk daren da Auta ya kashe masa janareto haka yake yi, matar Mai-Sawu har tsokanarsa take yi wai yana shaƙe musu inji. Auta kuma ya yi dariya ya ce a rufe famfon mai a bar inji ya shanye na cikinsa, kada fetur ya kwana a kafireto ya yi datti. Kalma ɗaya, shekara da shekaru. Gajere ne ya tuƙa motar, Auta kuma gajere ne. Wanda ya san yadda ake tsayar da mota ba birki ne ya gurza taya a bakin titi. Babbar ƙofar wurin kuma sakata ce ta ciki, duk wanda ya shigo ta ƙofar langalanga zai iya zarewa. Duk ya ga waɗannan tun safe, ya ƙi haɗa su, don bai so su haɗu ba.

Ya zaga ta rumfar gyara. Auta na zaune a kan tsohuwar taya, yana goge sifanar da ba ta da datti.

"Auta."

"Yaya."

"Akwai abin da kake so ka faɗa mini, mu biyu, kafin in koma can?"

Auta ya ci gaba da goge sifana. "Me zan faɗa? Na tayar muku da inji."

"Yaron nan za su kashe shi."

"'Yan sanda za su zo."

"In ba su zo ba fa?"

Mai-Sawu ya tsaya ya ba shi lokaci, fiye da yadda ya taɓa ba wani mai laifi. Daga cikin fili aka jiyo ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe. Mai walda ya fara dukan kwado.

*

"Tsaya!" Mai-Sawu ya ce da ƙarfin da ba a san yana da shi ba. "Uwarɗaki, buɗe wa Baƙo da kanki. A fito da shi. Direba, matso. A kira mai ɗinki. Auta, kai ma fito."

Suka tsaya kewaye da injin, rana a tsakiyar kai. Baƙo na tsakanin mutum biyu da suka riƙe shi. Mai-Sawu ya ciro tsohon fulogin ya nuna wa kowa, ya miƙa wa direba.

"Wannan aka ce ya ƙone. Cire sabon ka mayar da shi. Baƙo, ja igiya."

Baƙo ya ja. Injin ya tashi a ja na farko, yana ruri da mataccen fulogi. Gunaguni ya ratsa taron.

"Fulogi bai yi laifi ba," in ji Mai-Sawu. Ya durƙusa ya juya ɗan maɗaukin nan ya kalli gefe, yadda ya same shi da safe. Injin ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, can sai ya fara tari, ya ja ya saki, ya ja ya saki, ya mutu.

"Shi ne!" mai ɗinki ta ce, ta dafe ƙirji. "Haka ya yi da safe."

"Baƙo, sake ja."

Ya ja har hannunsa ya gaji, injin ko motsi.

"Famfon mai ne," Mai-Sawu ya ce. "Dattin da ke kansa ya nuna an daɗe ba a taɓa shi ba sai yau. Wanda ya yi wankin nan hankalinsa a tashe yake, amma hannunsa bai manta tarbiyyarsa ba. Ya rufe mai, ya bar injin ya shanye. Da na zo famfon a rufe yake. Bayan an gyara na same shi a buɗe, ba kuma wanda ya ce mana ya buɗe shi. Uwarɗaki, cikin masu shiga wurin nan wa ke kashe inji haka?"

Uwarɗaki ta juya a hankali ta dubi Auta, sauran idanu suka bi nata.

Auta ya yi wata dariya marar daɗi. "Haba Yaya. Duk wanda ya taɓa riƙe babur ya san famfon mai. Na gan shi a rufe na buɗe, na manta ban faɗa ba. A kan wannan za ka tozarta ni a gaban mutane?"

Wasu suka gyaɗa kai. Auta mutumin unguwa ne, ya gyara wa rabinsu mota, Baƙo kuwa ba kowa ba ne. Mai-Sawu ya ga maganar na zamewa daga hannunsa, ya ga yatsun mai walda sun sake damƙe rodi. Shaidarsa ta ƙare, saura abu ɗaya, kuma abin bai da daɗi.

"Gaskiyarka," ya ce. "Wataƙila tsufa ne ya kama ni. Direba, hau motarka."

Simintin wankin a karkace yake don ruwa ya gangara, daga inda motar take har bakin ƙofa gangare ne. Mai-Sawu ya taka ya je ƙarshen gangaren, ya jingina bayansa da ginshiƙin ƙofa, ya ajiye sandarsa a ƙasa.

"Cire dutsen da ke gaban tayar. Ka saki motar ta taho, in ka kusa da ni ka taka birki. Ƙanena ya gyara shi jiya, ya sa sabon bututu. Ban taɓa shakkar aikinsa ba."

"Baba, wannan wane irin wasa ne?" in ji Uwarɗaki.

"Ba wasa ba ne. Direba, taho."

Direban ya dubi Auta. Direban ya ture dutsen da ƙafa, ya hau, ya mayar da kujerarsa baya, ya tayar da mota. Tsoro Mai-Sawu yake ji sosai, ba na motar kaɗai ba. Bai kalli motar ba, ƙanensa yake kallo. Tayoyin suka motsa.

"Kar ka saki!" Auta ya kurma ihu. Ya yi tsalle ya suri dutsen ya cusa a gaban taya, motar ta yi girgiza ta tsaya. Ya buga gilashi da tafin hannu. "Kashe ta! Babu birki! Babu birki ko ɗigo!"

Direban ya taka fedar birki, ta tafi har ƙasa ba ta riƙe komai ba. Ya kashe motar ya sauko.

Auta ya zube a gefen tayar. Maganar ta riƙa fitowa a yayyanke. Bai samu sabon bututu ba jiya, ya ɗaure tsohon ya ce ya sa sabo, da niyyar canzawa in ya samu. Ya kasa barci, yana tunanin yaran da motar ke ɗauka. Da asuba ya shigo ya fitar da ita don ya gwada kafin direba ya zo. A gangare bututun ya fashe. Ya ga tsohuwar, ya taka, ƙafarsa ta tafi a banza.

"Na ce in na faɗa sunana ya mutu a sana'ar nan. Na ce ai ba za su taɓa yaron ba, 'yan sanda za su zo." Ya ɗago ya dubi mai walda a karo na farko. "Tana da rai?"

Mai walda ya ɗaga rodin. Mai-Sawu ya riga ya iso, ya tsaya tsakaninsu, ƙirjinsa dab da ƙarfen.

"Ɗana, na tsaya wa wancan yaron da ban san sunansa ba. Wannan kuwa ni na goye shi. Ba zan ɓoye shi ba, da ƙafata zan kai shi inda ya kamata. Amma sai ka bi ta kaina kafin ka taɓa shi. Uwarka tana asibiti ita kaɗai. In ta buɗe ido wa za ta gani?"

Rodin ya daɗe a sama. Daga baya ya faɗi a kan siminti, mai walda ya juya ya ratsa mutane ya fita da gudu. Waɗanda suka riƙe Baƙo suka sake shi a hankali, kowa na kallon wani wuri dabam. Uwarɗaki ta jiƙa gefen mayafinta tana goge masa leɓe, tana tambayarsa sunansa na gaskiya.

Ba su jira motar 'yan sanda ba. Auta ya miƙe ya shiga gaba, yayansa na bin sa. Sai da suka bar layin Auta ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Ka san ba birki, Yaya. Da na yi shiru fa?"

"Da na rasa ƙane tun kafin motar ta iso ni."

Takalman Auta sun jiƙe da ruwan wankin, suna barin sawu a busasshiyar kwalta, ƙafar hagu na ɗan karkata waje kamar yadda take yi tun yana koyon tafiya. Mai-Sawu ya bi sawun nan har ƙofar ofishin 'yan sanda, hawaye na hana shi ganinsa sosai.